Kunnen Aro

Zinder, 1 ga Yuli 2024

Zuwa ga Halidu ɗan kawuna, kurman Akokan,

Sallama da gaisuwa. Ina fata takardar nan ta same ka da sauran lafiyar da ramin haƙar ƙarfe ya rage maka. Mu nan lafiya lau, sai Inna da ƙafarta ke kumbura in ta daɗe zaune. Ta ce in gaishe da ɗan wanta, ta ce ka riƙa cin abinci. Ruwa ya sauka sau biyu, gero ya fito.

Duk duniya ta waya ake magana yanzu, ni kaɗai ce ke sayen ambulan ina bin direbobin bas da roƙo, saboda taubashina ya bar kunnuwansa a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma kyautar da wayarsa. Allah ya saka mini.

Labari ya iso mana cewa gawar motar kat-kat ɗin nan da ka saya lokacin da aka rufe ramin, wadda ka shekara uku kwance ƙarƙashinta kamar mai jinya, ta fara tari. An ce har ta zagaya unguwa da ƙafarta. Barka. Mun ɗauka da ita za a yi maka makara.

To ga abin da ya kawo ni. Watan Cika-ciki ya ƙarato. Kai ɗan namiji ne, ni 'yar mace, kuma ka san sharar taubasantaka da ke kanka. Bana ba na son atamfa, ba na son sabulun Aljeriya. Sharata ita ce makullin motar nan a hannun mijina Sabiru. Tun da aka rufe iyaka maigidansa ya jingine babbar mota, shekara guda ke nan yana zaune, har ya san kajin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne mai shekara ashirin a kan sitiyari. Kai kuma ba za ka tuƙa ba, don ko jirgi ya biyo ka da oda ba za ka kauce ba. Ka ba shi ya riƙa kai kaya wajen masu haƙar zinariya, ku duka ku samu na tuwo.

Ba a hana taubashi shara, ba a kuma fushi da shi. Na tuna maka ne kawai, ko rashin ji ya taɓa ƙwaƙwalwar.

Taubashiyarka,
Zinatu

*

Akokan, 14 ga Yuli 2024

Zuwa ga baiwata Zinatu,

Na amsa gaisuwa. Ki duba mini Goggo, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Ni lafiya, sai ƙirji da ke damuna da safe. Har yanzu bakinki bai mutu ba, na gode Allah.

Gawa kika ce. Bari in faɗa miki abin da ke tsaye a tsakar gidana, ko da yake bayani ga mai sayar da ƙuli ɓarnar tawada ne. Babbar kat-kat ce, irin wadda manyan kampani ke shiga, mai inji shida, mai shan man gazuwal. Na sauke gangar jikinta gaba ɗaya, na kankare shasi har ƙarfe ya yi fari, na yi masa ƙari da walda a duk inda yashi ke karya mota. Na ƙara ganye uku-uku a sifirin baya don kaya. Tankin mai biyu na sa mata, tana iya zuwa wajen zinariya na Cibarakaten ta dawo ba ta roƙi kowa ba. Bututun shan iskarta na ɗaga shi har saman gilashi don kada ta shaƙi ƙasa. Na cire kujerun baya, na kwantar da tankin ruwa mai lita ɗari biyu, da famfonsa a waje. Wata huɗu na yi a kan tankin nan kaɗai. Rufin kuma na shafa masa jan fenti mai ƙyalli, yadda za a hango ta daga nesa. Wanda duk ya zauna kusa da motar nan a cikin sahara ba zai mutu da ƙishi ba, wannan na rantse.

Na karɓi maganar shara. Sabiru direba ne, ban taɓa musu ba, ko da yake zaɓen matarsa ya sa ina shakkar idonsa. Makulli nasa ne. Amma ba yanzu ba.

Ki karanta nan da hankali, Zinatu, don na ajiye wasa. Inji da kunne ake gama shi. Ni yanzu dogon sukudireba nake dasawa a jikinsa, in ciji ƙotar da haƙori, in ji motsinsa a cikin kaina. Da sanyi lafiya lau take. In ta yi zafi, akwai wani abu can ƙasa da ke taɓa mini haƙori, kaɗan ƙwarai, na kasa gane ko ciwo ne ko tsorona ne. Masu garejin garin nan ba na yarda da su, duk abin da suka ga ina so shi suke rubuta mini don in tafi. Mutum ɗaya na yarda da kunnensa, Aghali, wani Buzu tsohon direban sahara da muka yi aiki tare. Ya tafi wajen raƙumansa a Ingal, sai ƙarshen Agusta zai dawo. In ya saurara ya ce lafiya, Sabiru ya zo. In ya ce a buɗe, sati biyu ne in sake haɗawa.

Abin nan yana mini ciwo in rubuta shi. Shekara ashirin da shida ina gyaran injuna a ƙarƙashin ƙasa, yau sai na ari kunne. Ke kaɗai na faɗa wa.

Ubangidanki,
Halidu

*

Zinder, 2 ga Agusta 2024

Kurma,

Muna lafiya, Inna ta ji sauƙi. Takardarka ta zo ranar da ake sunan jikar Baba Sulaiman, gida cike da dangi. Na ga bai kamata in ci daɗinta ni kaɗai ba, sai na hau turmi na karanta musu. Da na zo wajen cizon sukudireba, ƙanwata Zulaihat ta ɗauki muciya ta ciza ta dasa a jikin tukunya, tana lumshe ido tana cewa miya ta yi zafi, akwai wani abu can ƙasa. Har da masu hawaye don dariya. Tankin ruwanka ma ya sha suna, an ce rijiya ka gina ka sa mata taya.

«Na ajiye wasa.» Duk taubashin da zai yi rowa da haka yake farawa. Tun muna yara haka kake, in an ba ka rake sai ka ce akwai tsutsa a ciki don kada in roƙa. Shekara uku ba su ishe ka ba, yanzu sai Buzu ya gama kiwon raƙuma. Gaskiyar ita ce motar nan ita ce matarka tun da Siddiƙa ta gaji da yi maka ihu ta tafi, kuma ba ka son wani namiji ya taɓa ta.

Kunne kake nema? Sabiru yana da biyu, lafiyayyu. Wani ɗan kasuwa a Arlit, Nomau, ya kira shi, yana da buhunan gari da taliya da zai kai wajen zinariya, ayari zai tashi ran ashirin ga wata, in ba a samu mota ba zai ba wani. Sabiru zai taso ran goma sha biyu. Ka share masa ɗaki.

Na ji haushinka ƙwarai, in gaya maka gaskiya. Yara uku gare ni, kuma jiya da rana ba a ɗora tukunya a gidan nan ba.

Zinatu

*

Zinder, 18 ga Agusta 2024

Ubangidana mai manyan kunnuwa,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Ba zan iya jira ba sai na ba ka labarin abin da aka yi maka, don wasan da ba a faɗa wa mai shi ba bai cika ba.

Jiya Sabiru ya kira ni daga tsakar gidanka. Kana tsaye a gabansa, in ji shi, kana washe baki kana miƙa masa ɗan littafin nan da mutane ke rubuta maka magana, shi kuwa yana ba ni labarinka a kan idonka. Ya ce motar ta ba shi mamaki, bai taɓa ganin aiki irin wannan ba, wannan kam na faɗa maka kyauta. Ya ce kun zagaya da ita har ta yi zafi, kuma akwai wani ɗan ƙas-ƙas a ƙasan inji, kamar ana buga ƙofa da cokali. Wai zai rubuta maka. Na ce masa wace tsohuwar mota ce ba ta ƙas-ƙas? Na ce in ya rubuta, ka samu dalilin riƙe ta wata shekara uku, Nomau ya ba wani kayan, shi kuma kada ya dawo mini gida hannu biyu. Na ce ya ɗaga maka babban yatsa irin na mutanen rami, ya rubuta abin da kake son gani. Ya yi ta jan ƙafa, ka san shi da sanyin hali, amma ya yi.

Ka ga an ci ka. Kurma ya ari kunne, kunnen kuwa nawa ne. In sun dawo sai Buzunka ya saurara har ya ƙoshi.

Na karɓi sharata da hannuna. Kada ka yi fushi, ba a yi.

Zinatu

*

Akokan, 20 ga Agusta 2024

Zinatu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Goggo da yara. Tun takardarki ta ran biyu ga wata ban sami wata ba, an ce ruwa ya yanke hanya bayan Agadez, bas ba ta shigowa.

Waccan ta yi mini zafi. Abin da na ce ke kaɗai na faɗa wa, kika hau turmi da shi. Kwana biyu ban shiga wajen motar ba. Maganar Siddiƙa kuma da kin bar ta. Amma ya wuce, yau ba ranar wannan ba ce.

Sun tashi da safen nan, Sabiru da Nomau, cikin ayarin motoci bakwai. Mijinki mutumin kirki ne. Kwana shida muna tare, ya bi kowane ƙusa da hannunsa, ya koyi juya tankunan mai, ya koyi sauke iskar taya in an shiga yashi mai laushi. Ran Asabar muka zagaya da ita har ta yi zafi, na buɗe masa inji, na ce ya saurara don Allah, ya faɗa mini gaskiya. Ya daɗe a sunkuye. Ya yi waya, ina jin ke ya kira don ya yi miki albishir. Sannan ya rubuta mini a littafi: «Lafiya lau, Yaya. Kamar agogo.» Zinatu, sai da na zauna a ƙasa. Ashe tsorona ne kawai. Ashe hannuna bai mutu tare da kunnen ba.

Abu ɗaya na nanata masa, na kuma rubuta na manna a gaban sitiyari: kome ya faru, kada ya bar ayari, kada ya bar mota.

Da suna fita na dafa bangon gida, na ji ƙarfinta a tafin hannuna. Tun da aka rufe ramin ban yi farin ciki irin na yau ba. Kin yi gaskiya da kika matsa mini, baiwa ma takan yi rana. Ki ce wa Zulaihat rijiya ta tafi yawo.

Halidu

*

Zinder, 11 ga Satumba 2024

Yaya Halidu,

Ba ni da gaisuwa. Malam Alhassane, shugaban mutanenmu na Damagaram da ke nan wajenku, ya kira ran Litinin ya faɗa mana. Na shiga takaba. Ƙaramar 'yata har yanzu tana fita ƙofa in ta ji mota.

Ba a gaya mini yadda aka yi ba, an ce kai ka samo shi. Ban sani ba ko ina son in sani.

Yaya, akwai takardar da na rubuta maka ran goma sha takwas. Ban san ko ta iso ba. In ba ta iso ba, in ta zo kada ka buɗe. In ta iso, don Allah, don darajar mahaifinka da Inna da suka sha nono ɗaya, ka ƙone ta. Wasa ne, ka san wasa ne, haka muke tun muna yara. Ban san abin zai kai nan ba. Uwar Sabiru tana zaune a ɗakina tana share mini hawaye, tana cewa Allah ya ba ɗanta mace ta gari. In ta ji, za su kwashe yaran, kuma ba ni da bakin hana su. Su kaɗai suka rage mini.

Ousmane ƙanen Sabiru ya taso zuwa wajenku don addu'a da kwaso kayansa. Kada ka nuna masa. Ka zage ni yadda kake so in mun haɗu, ka mare ni, na yarda.

Ƙanwarka,
Zinatu

*

Akokan, 17 ga Satumba 2024

Zuwa ga taubashiyata Zinatu,

Sallama. Allah ya jiƙan Sabiru, ya sa ya huta. Ki gaishe da Goggo. Lafiyata ƙalau, tun da ba ki tambaya ba.

Takardarki ta ran sha takwas ta iso ran uku ga Satumba. Kwana goma sha shida ta yi a aljihun direba. Na karanta ta a tsaye a tasha, na sake karantawa, sannan na tafi gidan Aghali, wanda ya dawo kwana uku kafin nan. Na kwatanta masa bugun cokalin da kika rubuta. Nan take ya tashi ya fara ɗaura jarkoki a motarsa.

Kin ce ba ki san ko kina son ki sani ba. Za ki sani.

Kwana uku muna nema. 'Yan ayari sun ce tun rana ta biyu, bayan Iferwan, ya fara ja baya. Sun tsaya masa sau biyu, ya ce su wuce, lafiya lau. Da ya ce musu inji ne, da sun ja shi da igiya, haka ake yi. Bai faɗa ba. Ya saki hanya ya yanke ta wani kwari don ya rage nisa, a can ƙarfe ya fasa cikin injin ya fito, rami kamar dunƙulen hannu. Jan rufin nan Aghali ya hango daga kan tudu.

Nomau muka tarar kwance a inuwar motar, ya rame, amma da ƙafarsa ya taso. Kwana goma sha shida yana shan rijiyar da kuka yi wa dariya. Shi ya rubuta mini sauran a littafina, shafi uku bayan inda aka rubuta «kamar agogo». Ya ce kwana uku Sabiru yana zaune yana kallon takardar da na manna a gaban sitiyari. Ran na huɗu ya cika jarka ƙarama ya ce zai nemo hanya. Nomau ya riƙe masa riga, ya ce ga ruwa, ga gari, za a zo. Sabiru ya ce ya san za a zo, kuma ya san wanda zai zo, shi ya sa ba zai zauna ba. Ya ce tun a tsakar gidana ya ji ƙarar, kuma ba shi da idon da zai kalle ni.

Kilomita goma sha tara ya yi. Mun same shi a gindin wani dutse, ya cire takalmansa ya jera su. A can muka rufe shi, ni da Aghali da Nomau. Da muka koma wajen motar na buɗe tankin na auna. Saura lita saba'in.

Takardarki ta roƙo ta zo tare da Ousmane, a bas ɗaya. Na karanta. Kin ce wasa ne, kuma na yarda. Ke kika koya mini cewa wasan da ba a faɗa ba bai cika ba, kuma takardar taubashi ba a cin daɗinta mutum ɗaya. Jiya aka yi addu'a a ƙofar gidan Malam Alhassane, mutanen Damagaram sun cika tabarmi. Da aka shafa fatiha na miƙa masa takardarki ta ran sha takwas, na ce ya karanta da ƙarfi. Ba mu da turmi, a kan benci ya tsaya. Ni ban ji kome ba, kin sani. Fuskoki kawai na bi da kallo, kuma na gane daidai inda ya kai wajen babban yatsa, don a nan Ousmane ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya yi dariya. Wataƙila Malam bai iya karatu kamar ke ba.

Ni ma ba na barci. Haƙorina ya faɗa mini gaskiya, na ƙi shi, na yarda da abin da nake son gani. Wannan nawa ne, zan ɗauka har kabari. Naki kuma ba zan ɗaukar miki ba.

Ousmane ne zai kawo miki wannan. Waccan takardar tana aljihunsa na ƙirji, ya ce ta uwarsa ce. Kada ki ce na yi fushi, ba a fushi da taubashi. Ki taɓa ƙasan ambulan ɗin nan, za ki ji wani abu mai tauri. A aljihun Sabiru na same shi, ya kulle motar mutane kafin ya tafi, ya bar wa Nomau ƙofar baya da famfo. Kin ce bana ba kya son atamfa, ba kya son sabulu. Ga makullin.

Halidu